Darasin Manoma: Daga Ina Rairayin Gonakinmu Ya Fito?

Duk wanda ya taka ƙasar Kelle, arewa da Gure, ya san abu biyu: duwatsun Kutus, da jigawar da ake shuka hatsi da wake. Duwatsun nan tsofaffi ne ƙwarai. Amma tuddan rairayi baƙi ne, daga baya suka zo. Darasinmu na wannan mako shi ne yadda suka zo, da abin da ya sa dole mu kiyaye su.

Zamani na Huɗu

Masanan ƙasa da duwatsu sun kasa tarihin duniya zamani-zamani. Na ƙarshe, wanda muke cikinsa, suna kiransa Kwatanari, wato Zamani na Huɗu. Wani Bafaranshe mai suna Jules Desnoyers ne ya yi amfani da sunan a shekarar 1829.

An daɗe ana gardama kan mafarinsa. Da can an tsaya a kan shekara miliyan 1.8. A shekarar 2009 ƙungiyar masanan ƙasa ta duniya ta yanke magana, ta ce ya soma ne shekara miliyan 2.58 da suka wuce. Alamarsa tana jikin wani dutse a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Dalilinsu shi ne, wajen wannan lokaci duniya ta yi sanyi, har ƙanƙara ta fara lulluɓe ƙasashen arewa.

Tun daga nan sanyi da ɗumi suke karɓa-karɓa. Da fari kowane zagaye yakan ɗauki kamar shekara 41,000, daga baya ya koma kamar 100,000. Abin da ke kawo haka shi ne ɗan sauyin da ake samu a karkatar duniya da hanyarta ta kewaya rana.

Ina ruwanmu da ƙanƙara?

Ƙanƙarar ba ta iso ƙasarmu ba, amma mun sha wahalarta. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ta kai maƙura. Ta rufe Kanada da arewacin Turai, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Ruwan teku ya ja baya da kamar mita 120. Iskar damina ta raunana, ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Iskar hunturu ta riƙa kwasar rairayi tana tulawa, tun daga ƙasar Manga har kusa da Kano.

Shekara 11,700 da suka wuce sai ɗumi ya dawo, ruwan sama ya wadata. Tafkin Chadi ya cika ya batse, faɗinsa ya kai kamar murabba'in kilomita 350,000. Tsohon bakinsa shi ne dogon tudun da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama. A 1987 an gano wani kwalekwale a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta Nijeriya ta yau, mai shekara wajen 8,000. A wannan zamani na yalwa ciyawa da itatuwa suka fito a kan tuddan nan, saiwoyinsu suka ɗaure rairayi, ya kwanta.

Abin lura

To, jama'a, ashe jigawarmu tsohuwar hamada ce da ciyawa ta danne. Ƙasar da ke ciyar da shuka 'yar kaɗan ce a sama. Ƙarƙashinta rairayi ne zalla. In aka tuɓe ta, iska za ta koma aikinta na da. Dattawa sun ga haka bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da tuddai da yawa a yankin Gure suka tashi, suna binne gonaki da kwarurrukan da ake noman rani da dabino.

Fari ba a hannunmu yake ba, amma gatari da wuta suna hannunmu. Saboda haka:

1. Bayan girbi, kada a kwashe kara duka. A bar wani kwance a gona har shuka.
2. Wajen sassabe, a bar tohon gawo da aduwa da dakwara, a yi musu aski kawai.
3. A daina ƙone daji. Ko ƙarangiya tana da amfani, domin tana riƙe ƙasa.
4. Inda tudu ya fara tafiya, a kafa shingen kaba ko a dasa aguwa, a gitta wa iskar gabas. A hana dabbobi shiga har ciyawa ta kama.

Tambayoyi don tattaunawa

Wane tudu ne a garinku ya matsa tun kuna yara? Me ke kansa a da, wanda yau babu? Wa zai jagoranci aikin shinge kafin iskar bazara? Ku zauna da mai gari ku tsai da rana, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.