Ruwan Allurar Hoton Asibiti da Lafiyar Ƙoda

Idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal ya so ganin hanyoyin jini ko wani ƙari a cikin jiki, yakan tura majiyyaci hoton siti-sikan, a yi masa allurar wani ruwa mai ɗauke da aidin. Ruwan kan fito da gaɓoɓin ciki sarai a hoto, sa'an nan ƙoda ta tace shi ya fita cikin fitsari.

Wajen tacewar nan ne akan sami matsala. Ruwan yana iya matse ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda, ya kuma raunana bututunta. Ba a jin zafi. Gwajin jini ne kan nuna cewa sinadarin kiriyatinin ya hau cikin awa 48 zuwa 72. Yawanci ƙodar kan farfaɗo cikin mako ɗaya ko biyu. Kaɗan ne kan kai ga wankin ƙoda.

A 2020, ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar suka yi matsaya ɗaya cewa a baya an zuzuta haɗarin. Wanda aka fi jiye wa tsoro shi ne wanda ma'aunin tacewar ƙodarsa ya sauka ƙasa da 30. Saboda haka ƙin hoton don tsoro kuskure ne, domin cutar da ba a gano ba takan fi ruwan illa.

Abin damuwa shi ne, ciwon ƙoda kan daɗe bai nuna alama ba, musamman ga masu ciwon sukari da hawan jini. 'Yan'uwa masu dako, da mahauta, da direbobin tirela a Diobu da Oyigbo, waɗanda ke wuni cikin gumi, su haɗiye diclofenac ko ibuprofen na kemis kullum don ciwon jiki, suna iya kasancewa cikin masu raunin ƙoda ba su sani ba. Haka kuma mai azumin da ba ya shan ruwa: ya kamata ya gaya wa likita tun kafin ranar hoto, kada ya je jiki a bushe.

Majiyyaci ya nemi a gwada ƙodarsa tukuna, ya kuma faɗi duk maganin da yake sha, har da na gargajiya. In an ga rauni, likita kan yi ƙarin ruwa ta jijiya, ya rage yawan ruwan hoton, ya dakatar da metformin na awa 48. Bayan hoton, in fitsari ya ragu ko ƙafafu suka kumbura, a koma asibiti a ranar.