Darasi na Goma Sha Biyu: Zaɓen Makarantar Koyon Ilimin Gandun Daji

Idan ka tashi daga Kafanchan ka bi ta Gidan Waya za ka Jos, za ka wuce gandun dajin Nimbia da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a. A can za ka ga itatuwan tik a jere, dogaye, miƙaƙƙu. Ba su tsiro da kansu ba. Malaman daji ne suka rene su, suka dasa su, suka kare su daga gobara. Amma a ƙauyuka da yawa na kudancin Kaduna, maɗaci da doka da kirya suna raguwa saboda neman katako da gawayi da sababbin gonaki. Wurin da itatuwa suka ƙare kuwa, ruwan sama yakan zaizaye ƙasarsa. Saboda haka yankin yana bukatar matasa masu ilimin gandun daji. In kana sha'awar wannan aiki, wace makaranta za ka zaɓa?

Da farko, ka san bambancin kwaleji da jami'a. Kwaleji tana ba da difloma bayan shekara 2, da babbar difloma bayan ƙarin shekara 2. Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, wadda aka kafa a 1958, akwai kuma wata a Afaka kusa da Kaduna, inda aka fi ba da ƙarfi ga aiki da injuna. Dukansu suna ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya mai hedkwata a Ibadan. Jami'a kuwa digiri take bayarwa, yawanci bayan shekara 5. Wanda ya yi difloma da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye, ba sai ya fara daga aji ɗaya ba. Don haka idan kuɗi ko maki bai kai ka jami'a bana ba, kwaleji ma hanya ce.

Abu na biyu, ka dubi irin dajin da ke kewaye da makarantar, domin dajin nan shi ne babban ajinka. Jami'ar Ibadan, wadda ta buɗe sashen gandun daji a 1963, tana yankin kurmi mai manyan itatuwan katako. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano suna arewa inda ruwan sama bai da yawa. Ɗalibansu sun fi cin karo da matsalar kwararowar hamada da dashen itatuwa masu jure fari, kamar darbejiya. Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka da ke Makurɗi tana tsakiya, kuma dajinta ya fi kama da na kudancin Kaduna. Ka tambayi kanka: a ina nake son in yi aiki idan na gama?

Abu na uku, ka tabbatar hukuma ta amince da karatun. Hukumar NUC ce take tantance darussan jami'o'i, NBTE kuma take tantance na kwalejojin difloma. Sunan makaranta kaɗai bai isa ba, domin kowane sashe ana tantance shi daban. Ka tuna, wataƙila cittar da iyayenka suka noma ce za ta biya kuɗin karatun nan. Ba ƙaramar asara ba ce a kashe shekaru da dukiya, sannan a fito da takardar da ba a karɓa.

Abu na huɗu, ka je ka gani da idonka, domin gani ya kori ji. Shin sashen yana da wurin renon itatuwa? Yana da gandun gwaji da kayan awo? Ka tambayi ɗaliban da ke can sau nawa suke fita daji, da inda suke zuwa aikin sanin makama. Ka kuma lissafa kuɗin makaranta da na masauki da na mota daga gida. Matambayi ba ya ɓata.

Shiri kuwa tun yanzu ake fara shi. Ka dage da Turanci da Lissafi da Kimiyyar Sinadarai da Ilimin Halittu ko Aikin Gona, domin su ake nema a sakamakon jarrabawar kammala sakandare. Kafin ka cike takardar JAMB, ka karanta sharuɗɗan kowace makaranta, saboda sukan bambanta. Ka kuma sani aikin daji yana da wahala: akwai tafiya a ƙasa, da rana, da ruwa. Wanda ya dasa itacen katako yakan jira shekaru masu yawa kafin a sare shi. In kana da irin wannan haƙuri, to ka zaɓi makarantar da za ta fi sa ka cikin daji, ba wadda ta fi suna ba.

Ma'anar Kalmomi

gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe tana kula da shi
kurmi: daji mai duhu da dogayen itatuwa
zaizaye: cinye ƙasa a hankali
tantance: bincika abu don a tabbatar da ingancinsa
sanin makama: koyon aiki a aikace

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suke rage itatuwa a kudancin Kaduna?
2. Mene ne bambancin kwaleji da jami'a?
3. Me ya sa aka kira daji babban ajin ɗalibi?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Gani ya kori ji."

Aiki

Rubuta sunayen itatuwa biyar da ke garinku da Hausa da kuma harshenku, sannan ka faɗi amfanin kowanne a jimla ɗaya.