Sabulun Magani da Sabulun Wanki: Wanne Ya Fi Tsare Gida?

Jama'a, duk wanda ya ci kasuwar Dambatta ko ta Bichi, ko ya tsaya gaban mai tireda a ƙauyukan Makoɗa da Kunci, ya ga sabulai iri-iri. Akwai sandar sabulun wanki da ake yankawa daidai kuɗin mutum, akwai sabulun salo na iyaye da kakanni, sannan ga na cikin kwali mai warin asibiti, wanda aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta. Wannan na ƙarshe ya fi tsada, kuma da yawa sun ɗauka tsadar ce shaidar ƙarfinsa.

Da farko a san aikin sabulu. Ƙwayoyin cuta suna maƙalewa ne cikin maiƙo da dauɗar hannu. Ruwa zalla ba ya shiri da maiƙo, ta sama yake zamewa. Sabulu ke kama maiƙon ya haɗa shi da ruwa, cuɗawa ta ɓamɓaro shi, ɗauraya ta tafi da shi. Galibi kora ce ake yi musu, ba kisa ba, kuma duk sabulun da ke kumfa ya iya wannan. Maganin da ake zuba wa mai tsadar kuwa sai ya jima a fata yake tasiri, alhali mai wanke hannu nan da nan yake ɗaurayewa.

An gwada abin a Karachi ta ƙasar Pakistan, a unguwannin talakawa masu cunkoso. Dokta Stephen Luby da abokan aikinsa sun raba wa wasu gidaje sabulu mai magani, wasu marar magani, ana zagaya su mako-mako har shekara guda ana tuna musu wanke hannu. Da sakamakon ya fito a mujallar The Lancet a 2005, sai aka ga gudawar yara ta ragu fiye da rabi, namoniya ma ta ragu da rabi ga 'yan ƙasa da shekara 5, in an kwatanta da gidajen da ba a bai wa sabulu ba. Tsakanin sabulan biyu kuwa ba a ga bambanci ba, ko da a ƙurajen fata.

A watan Satumba na 2016, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana sa sinadarai 19 a sabulun wanka da na wanke hannu, cikinsu har da triclosan da triclocarban. Dalilinta shi ne kamfanoni sun kasa kawo hujjar cewa sun fi sabulu zalla amfani, ko cewa ba sa cutarwa in an daɗe ana amfani da su kullum. Akwai kuma fargabar ƙwayoyin cuta su saba da su, har su daina jin magani.

To, mu dawo gida. Ƙasarmu gona ce ta haɗu da gona, babu saura, sai da taki take ba da gero da dawa. Da damina awaki da tumaki suna turke a tsakar gida. Da bazara maigida da samari suna kwasar taki da hannu, a loda wa jaki a mangala a kai gona. Uwargida ta yi wa yaro tsarki, ta zubar da fo, ta koma ta dama fura ko ta zuba wa 'yar talla kunu. Wasu ma cewa suke kashin jariri ba ƙazanta ba ne, alhali shi ma cike yake da cuta. Waɗannan hannuwa su ke bukatar sabulu sau da yawa a yini. Amma me ake gani? In maigida ya sayo mai tsada, sai a adana shi a ɗaki don wankan Juma'a, hannu kuwa a tsoma shi a kwanon ruwa guda, na farko ya wanke, na goma ya kwashi abin da tara suka bari. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Kuɗin sabulun kwali guda ya sayi na wanki da za a yanka uku: ɗaya bakin masai kusa da buta, ɗaya madafa, ɗaya inda ake cin abinci. A zuba ruwa daga buta, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce kamar sakan 20. Ranar da sabulu ya yanke, tokar murhu mai tsabta ta fi ruwa zalla.

Sai gargaɗi ga mata da 'yan mata. Wasu sabulan da ake kira na magani na bilicin ne, akwai zaiba a cikinsu, wadda ake rubutawa mercury a kwali, in ma an rubuta. Tana ratsa fata ta lalata ƙoda, tana kuma iya isa ga ɗan da ke ciki. Hukumar NAFDAC ta haramta su, amma ba su ɓace daga kasuwa ba. A duba lambar hukumar kafin a saya.

Kada a ce mun kushe magani ɗungurungum. Mai ƙazwa ko makero ya je asibitin Bichi ko na Dambatta, ko ɗakin shan magani mafi kusa, ma'aikacin lafiya ya faɗa masa abin da zai shafa da ranar dainawa. Cibiyar jariri ma tana da nata, man chlorhexidine da ake bayarwa a wajen awo da haihuwa, kuma shi ne ya kamata a sa mata maimakon gashi da tsumma ko man goge baki.