Ciwon ƙoda ba ya sallama

Kowa ya taɓa ganin ƙoda wurin mahauci. In an yanka rago ko akuya, ana samun ta guda biyu kusa da ƙashin baya, lulluɓe da kitse. To, mutum ma haka yake. Yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, can baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Kowace girmanta ya yi kamar dunƙulen hannun mai ita.

Aikin ƙoda tatar jini ne. Kamar yadda mace take tace ƙullu, ta ɗebi mai kyau ta zubar da dusa, haka ƙoda take yi wa jini dare da rana. Cikin kowace ƙoda akwai ƴan ƙananan matatai wajen miliyan 1, ido ba ya ganin su. Jinin babban mutum duka bai wuce litar 5 ba, amma yana ta zagayawa yana komowa. A kwana ɗaya ƙoda tana tace ruwa kamar litar 180. Masu koyon lissafi su buga su gani: bido 9 ke nan na litar 20. Kusan duk wannan ruwa ƙoda tana maida shi cikin jiki. Abin da take fitarwa litar 1 da rabi ne ko kusa da haka, tare da datti da gishirin da ya yi yawa. Shi ne fitsari.

Ba nan aikinta ya tsaya ba. Tana taimakawa wajen daidaita bugun jini. Tana aika wa ɓargo saƙo ya yi sabon jini. Tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙarfi. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yake rasa jini, ya yi fari, ko da yana cin abinci.

Wahalar ciwon ƙoda ita ce ba ya sallama. Ciwon haƙori yana hana barci tun daren farko. Ƙoda kuwa tana iya lalacewa shekara da shekaru, mai ita yana noma, yana cin kasuwa, ba ya jin kome. Matatan da suka rage su ne suke ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Sai aiki ya fi ƙarfinsu sa'an nan alama ta fito, kuma matacin da ya mutu ba ya komowa. Masana sun ce a duniya kamar mutum 1 cikin 10 yana da ciwon ƙoda, mafi yawansu ba su sani ba.

Abubuwan da suke kashe ƙoda

Na farko hawan jini, wanda ake ce wa tansiyo a likita. In jini yana bugu da ƙarfi kullum, sai ya ɓata ƴan jijiyoyin cikin ƙoda, kamar yadda ruwa mai ƙarfi yake cin kunya a gona. Na biyu ciwon sukari. Waɗannan biyu su ne manya, kuma su ma sukan daɗe a jiki ba a sani ba. Awon tansiyo ba shi da zafi, ba ya cin lokaci. Ana ɗaura wa mutum abin awo a dantse, a ba shi lamba biyu. In lambar ta kai 14 da 9 ko ta wuce, aka sāke awo wata rana aka samu haka, to akwai hawan jini. Wanda aka ɗora wa magani ya riƙe shi. Mutane da yawa suna sha wata ɗaya, in sun ji sauƙi su bari. Wannan babban kuskure ne, don maganin yana danne ciwon ne, ba ya fitar da shi.

Sai tsargiya. A wasu garuruwa in yaro yana fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo. Ba girma ba ne, cuta ce. Wata ƴar tsutsa ce da take fitowa daga katantanwar ruwa, ta shiga ta fata lokacin wanka, ko wanki, ko su, ko aikin shinkafa. Ana samun ta a tabki, da hanyoyin ruwa na noman rani, da bakin kogi. Ƙwanta yana yi wa mafitsara rauni. In an bar ta shekaru, hanyar fitsari takan toshe, fitsari ya koma baya ya danne ƙoda. Tana da magani, sunansa Praziquantel. A Nijar an fara rabon shi ga jama'a, musamman ƴan makaranta, a shekarar 2004. Uban da ya hana ɗansa sha bai yi masa gata ba. Kuma kada a yi fitsari cikin tabki, don ta nan ƙwan yake komawa ruwa ya kama wani.

Akwai kuma ƙwayoyin da ake sayarwa a faranti ko bisa tebur ranar kasuwa. Manomi ya dawo gona jiki na ciwo, ya sayi ja da fara ya haɗa ya sha, gobe ma haka. Da yawa cikin ƙwayoyin kashe ciwon jiki, kamar Diclofenac da Ibuprofen, suna rage jinin da yake zuwa ƙoda. Shan su kullum haɗari ne, balle ga tsoho, ko mai hawan jini, ko wanda ya wuni cikin rana bai sha ruwa ba. Mai talla bai san wannan ba, shi ciniki ya fito. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba su ma haka, domin duk abin da ya shiga jini ƙoda ce take fama da shi. Mata su sani wasu mayukan sa fari suna da guba mai taɓa ƙoda.

Gishiri ma yana da nasa laifi, don yana tada hawan jini. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a kwana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da wanda yake cikin miya. Dunƙulen magi cike yake da gishiri, kanwa ma ƴar'uwarsa ce. Miya tana daɗi da daddawa da albasa da tafarnuwa.

Akwai wanda yake zuwa farat ɗaya. Gudawa da amai masu tsanani, zazzaɓin sauro mai ƙarfi, zubar jini wajen haihuwa, saran kububuwa, duk suna iya tsayar da ƙoda cikin kwana kaɗan. Alamar ita ce fitsari ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke. Irin wannan sau da yawa yana warkewa sarai in an yi hanzari. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, ƙunshi ɗaya cikin litar 1 ta ruwa mai tsabta, yana sha ana tafiya da shi. Majinyacin da ya wuni ya kwana bai yi fitsari ba, ba a jiran ranar kasuwa a sami mota. A ɗaura amalanke.

Alamomin da za a lura da su

Kumburin fuska da safe, musamman kewayen ido. Kumburin ƙafa da marece, wanda in an danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Fitsari mai kumfa kamar an zuba sabulu, kumfar ba ta kwantawa. Fitsari ja, ko mai kalar shayi. Yawan tashi fitsari da dare. In ciwon ya yi nisa sai kasala, rashin son abinci, tashin zuciya, ƙaiƙayin jiki da shaƙuwa.

Kumburi shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce ƙiba ce ta zo. Ana nan ana turare da wanka, wata uku sun wuce. Kumburi yana iya zama na ƙoda, ko na zuciya, ko na hanta, ko na rashin abinci mai gina jiki ga yara. Ido ba ya rarrabe su, sai awo. Yaron da ya yi ƙazwa ko ƙuraje masu ruwa, ko ciwon maƙogwaro, bayan sati biyu ko uku fuska ta kumbura, fitsari ya yi duhu, a kai shi likita ran nan. Mace mai ciki da ta ga fuska da hannu sun kumbura, ga ciwon kai, ita ma haka, don yana iya zama mafarin jijjiga. Awon ciki da ake yi, har da tansiyo da fitsari ake dubawa saboda wannan. Tsohon da fitsari yake yi masa wuyar fita, yana ɗiga kaɗan kaɗan, kada kunya ta sa ya ɓoye wa ɗiyansa.

Ciwon baya fa? Mutane da yawa in baya ya riƙe sai su ce ƙoda ce. Mafi yawa ba ita ba ce, gajiyar kalme da ɗaukar kaya ce. Amma ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, mai saukowa zuwa mara, yana iya zama tsakuwar ƙoda. Ita tana son mutumin da ba ya shan ruwa isasshe. A bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi da Damagaram, zufa tana kwashe ruwan jiki. Mai aiki cikin rana ya tafi da gorarsa, kuma ya dubi fitsarinsa. In ya yi ja-ja kuma kaɗan ne, ruwa bai isa ba. In ya yi haske, ya isa. Amma wanda ya riga ya kumbura, ko aka ce masa ƙodarsa ta yi rauni, shi lokotoro ne zai faɗa masa yawan ruwan da zai sha, da abin da ya shafi azuminsa.

In ƙoda biyu suka gaza gaba ɗaya, sai wankin jini da na'ura. Ana ɗaura mutum kamar awa 4, sau 2 ko 3 kowane sati, har iyakar rayuwa, sai fa in an yi masa dashen wata ƙoda. Irin wannan na'ura sai manyan asibitoci, kamar na Lamorde a Yamai da na Damagaram. Mutumin ƙauye da ya kai nan, sai ya bar gona ya koma birni, dangi su sayar da bisashe. Alhali in an gano ciwon da wuri, ana iya rage masa gudu da magani da gyaran abinci, mutum ya yi shekaru yana aikinsa.

Tun shekarar 2006, ranar Alhamis ta biyu cikin watan Maris ita ce ranar ƙoda ta duniya. Amma awo ba sai ran nan ba. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai amosanin jini, wanda ya taɓa fitsarin jini, wanda aka yi ciwon ƙoda a gidansu, da wanda ya kama tsufa, ya kamata su je awo sau ɗaya kowace shekara ko da lafiyarsu lau. Abu uku za su roƙa: awon tansiyo, awon sukari, da awon fitsari. Na fitsari da wata ƴar takarda ake yi, a tsoma ta, in ta sāke kala an san ƙoda tana yoyo. In malamin likita ya ga haka, zai tura mutum babban asibiti a ɗebi jini a auna wani datti mai suna kireyatinin, wanda yake nuna ƙarfin da ya rage wa ƙoda. Takardar awon a adana ta cikin leda, a zo da ita baɗi, don a gwada ta da sabuwa.