DARASI DOMIN ƘUNGIYOYIN GAMA KAI: ISKA KO RANA, WANNE ZA MU KAMA?

Karatu: Farawa 1:14-19. Shugaba ya sa a karanta kafin a soma.

'Yan'uwa manoma, kowane mai noman rani a fadamar Hadejia ya san abin da man fetur ya yi mana. A farkon 2023 farashin gwamnati bai kai Naira 200 a lita ba. Da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu na shekarar sai ta haura 500, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Waɗansu sun rage eka, waɗansu sun bar tattasai da albasa sun bushe a tsaye. Saboda haka a taronmu ana ta tambaya ko iska da rana za su iya ɗaga mana ruwa. Za su iya. Amma ba daidai su ke ba a ƙasarmu.

Bari mu fara da wani wuri mai nisa. A ƙasar Kanada akwai lardi ƙarami wanda dukansa tsibiri ne a cikin teku, sunansa Tsibirin Yarima Edward. Girmansa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne na Jihar Jigawa, an kuwa san shi da noman dankalin turawa da su. Ba su da babban kogi na yin madatsa, lantarkinsu ta waya a ƙarƙashin teku ya ke zuwa. Sai suka duba abin da Allah ya ba su a yalwace, wato iskar teku. A 2001 suka kafa gonar injunan iska ta farko a North Cape, daga baya iska ta zama mai ba su wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutarsu. Hasken rana sun ƙara shi ne a baya. Kafin su sayi injuna, sai da aka yi shekaru ana gwada iskar wurin.

Mu ma mun san zaman tsibiri. A ambaliyar 2022 ƙauyuka da dama a Kafin Hausa, Auyo da Miga sun zama sai da kwalekwale, galan ɗin mai kuwa bai isa can ba sai da tsada. To, mene ne namu a yalwace?

Iska tana da wata ƙa'ida. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ya kan ninka takwas. In ya ragu da rabi, saura kashi ɗaya cikin takwas. Tamu iskar ta kan taso da hunturu, ta kwanta, ta dawo da hauka a gaban hadari. Ƙasarmu kuma kwari ce mai itatuwa. Injunan iska 37 na Lambar Rimi a Jihar Katsina bisa dogayen turaku aka kafa su, aikin ma ya ci fiye da shekara goma. Wannan ba aikin ƙungiyar mutum ashirin ba ne, ban kuwa ba da shawararsa ba.

Rana fa? Daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da mu ke bukatar ruwa, da wuya ta yi fashi. Ga kuma wata albarka: ruwan fadama ba shi da nisa. Injin da ke zuƙo ruwa daga sama ba ya iya wuce zurfin ƙafa 25 ko kusa da haka, rijiyoyin fadama da yawa kuwa ba su kai nan ba. Ruwa marar zurfi ƙarfi kaɗan ya ke so, watau farantan sola kaɗan.

Yanzu a yi lissafi. Eka ɗaya ta kayan lambu a tsakiyar zafi tana shan wajen lita 20,000 zuwa 30,000 a yini, wato duro 100 zuwa 150. Shinkafa ta fi haka. Kada ku tambayi mai sayarwa faranti nawa ne. Ku ce masa, "Duro nawa zai cika a sa'a ɗaya daga zurfin rijiyarmu?" Ku sa ya gwada a gabanku, da duro da agogo.

Kada a ruɗe ku da batir. Shi ne mai tsada, shi ne kuma mai saurin mutuwa, alhali faranti ya kan yi shekara ashirin. Injin ban ruwa yana aiki kai tsaye daga faranti. Illarsa ita ce babu ban ruwan dare, da safe da yamma ruwan ya kan zo kaɗan-kaɗan, ranar hazo mai kauri kuma ya ragu, daidai lokacin da alkama ke so. Don haka kada a sayar da tsohon injin mai. A ajiye shi domin irin ranakun nan.

Faranti ya fuskanci kudu, da ɗan jirkicewa. A share ƙura da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya ta kan rage ƙarfin dukan jerin. A fadama kuma kada a kafa shi da siminti. A ɗora a kan amalanke ko ƙafafun da za a kwance, a kai shi gida da yamma saboda ɓarayi, a hau da shi tudu kafin ruwan Agusta. Da damina sai ya yi cajin waya, ya haska ɗakin magani.

Abin da ya fi inji wuya shi ne rabo. Sa'o'in rana masu ƙarfi wajen shida ne, kowa kuma tsakar rana ya ke so. A rubuta juyi a littafi, gwauruwa da mai ƙaramin fili su shiga daidai da kowa. Maƙwabtanmu Musulmi da mu ke iyaka da su, ruwa ɗaya mu ke sha a ƙarƙashin ƙasa, ya kamata a gayyace su. Kowa ya biya wani abu a kowane juyi ko da ba a sayi mai ba, gama inji zai lalace wata rana. Kuma tun da ruwan ya zama kamar kyauta, a kula kada a bar shi yana kwarara, har rijiyar ɗan'uwa ta ja baya.

Kafin taro mai zuwa, magatakarda ya auna zurfin ruwa a kowace rijiya da igiya, da safe da kuma bayan an yi ban ruwa. Ma'aji ya tattara abin da kowane ɗan ƙungiya ya kashe a mai ranin bara. Ku zo da lissafin biyu a rubuce.