Takardar gona cikin wayar salula

A ƙasar Keita, gona babbar dukiya ce. A shekarar 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya. Mutanen Adar, yawancinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramu, suka dasa itatuwa. Fako mai yawa ya koma gona. Da ƙasa ta yi daraja, sai takardarta ma ta yi daraja.

A shekarar 1993 gwamnatin Nijar ta fito da dokar tsarin karkara. Ta nan aka samu kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. Wanda ya sayi gona, ko aka ba shi kyauta, ko aro, ko jingina, yana iya samun takardar shaida. Ranar da rigimar iyaka ta tashi, takardar nan ita ake nema.

Amma takarda ba ta da ƙarfi. Gara tana cin ta, ɓera yana yage ta. Idan ɗaki ya yi yoyo da damina, rubutu sai ya wanke. Shi ya sa mai hankali yake ajiye kwafinta cikin wayar salula.

Wani manomi yana da takarda mai shafi uku. Ɗansa yana bida a Abijan, yana son ya gan ta. Idan aka ɗauki hoto uku aka aika, suna iya cuɗanya da hotunan biki da na suna. Na uku yana iya riga na ɗaya zuwa. Kuma WhatsApp yakan rage nauyin hoto, har ƙananan haruffa su dushe. Maganin wannan shi ne a mai da hotunan PDF.

Mine ne PDF?

PDF wani irin kundi ne na na'ura. Kamfanin Adobe na ƙasar Amurka ne ya fito da shi a shekarar 1993. A 2008 aka amince da shi ya zama ma'auni na duniya duka. Yana haɗa shafuna da yawa wuri ɗaya, kowane a jerensa. Yadda aka gan shi a wayar Keita, haka za a gan shi a kwamfutar Tawa ko ta Yamai.

Yadda ake yi

1. A goge idon kamara da ƙyalle mai tsabta.
2. A shimfiɗa takarda bisa tabarma ko tebur, a miƙe lanƙwasarta.
3. A nemi wuri mai haske, amma ba tsakar rana ba. Inuwar zaure ta fi. Kada inuwar hannu ta faɗa bisa rubutu.
4. A buɗe Google Drive, a taɓa alamar kamara. A wayar da ke aiki da Faransanci ana kiran wannan aiki «Numériser».
5. A riƙe waya daidai saman takarda, kusurwa huɗu duk su fito, sannan a ɗauka.
6. A ƙara shafi na biyu, sannan na uku, bi da bi.
7. A ba kundin suna mai ma'ana, kamar «gonar fadama 2024», sannan a ajiye.

Idan kuwa hoton shafi ɗaya yana cikin waya tun da, akwai wata hanya. A buɗe shi, a zaɓi «Imprimer», sannan «Enregistrer au format PDF». Wannan hanya ba ta bukatar intanet.

Kafin a aika, sai a buɗe kundin a karanta. Suna ya fito? Kwanan wata ya fito? Hatimi da sa hannu suna ganuwa? Idan abu ɗaya ya dushe, a sake ɗauka.

Abin lura

PDF kwafi ne, bai maye gurbin takardar asali ba. Hukuma takan ce a kawo ta asali, ko kwafin da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari. Saboda haka a sa ta asali cikin leda, a ajiye cikin akwatin ƙarfe. Waya ma tana ɓata, tana faɗawa rijiya. Ya kamata a aika wa ɗan'uwa amintacce kwafi ɗaya. Amma ba a aika wa baƙo takardar gona ko ta haifuwa, don macuci yana iya yin zamba da ita.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara aikin raya karkara na Keita?
2. Waɗanne abubuwa uku ke ɓata takarda?
3. Don mi PDF ya fi hotuna warwatse?
4. PDF yana iya maye gurbin takardar asali?

Aiki

Kowane ɗalibi ya tambayi iyayensa irin takardun da ke gida da wurin da ake ajiye su. Ya rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci cikin kayensa.