Yadda Ake Zaɓar Abin Sanyaya Ɗaki Da Ɗumama Shi A Tsohon Gida

Daga tsakiyar watan Maris har faɗuwar ruwan fari, zafi a Dutsin-Ma da Kurfi kan kai digiri 40, wani lokaci ma ya ɗara. A irin wannan lokacin ne magidanci kan gaji da fifita, ya hau mota zuwa Katsina ko Kano, ya sayo AC a kafa masa a ɗakin da kakansa ya gina. Ba a yin wata biyu sai ƙorafi ya biyo baya: ɗakin ba ya sanyi, waya ta ƙone, ko kuma ruwan na'urar ya ci gindin bango. Yawanci ba laifin na'urar ba ne. An saye ta ne kafin a duba gidan da wutar da za ta ɗauke ta. Ga yadda ya kamata a bi abin daki-daki.

Da farko, cire ran na'ura guda mai sanyaya gida duka

Akwai tsarin da ake gani a manyan otal-otal da bankuna, inda babbar na'ura guda ke hura sanyi ta cikin bututun da aka ɓoye a saman silin zuwa kowane ɗaki. A Amurka haka ake ɗumama gidaje da yawa da sanyaya su, domin ɗakunansu duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Zaure na can, shigifa na nan, turaka daban, ɗakunan mata daban, ga tsakar gida a buɗe a tsakani. Jan bututu daga wannan ɗaki zuwa wancan ta cikin rana asarar sanyi ce da kuɗi, kuma rufin soro ba shi da sararin da za a ɓoye bututun. Ga shi irin wannan na'ura tana son wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Don haka a tsohon gida ɗaki ɗaki ake bi. Zauna da uwargida ku fitar da ɗakin da ya fi bukata. Sau da yawa ba na maigida ba ne. Na tsohuwa ne, ko na mai jego, ko wanda yara ke kwana a ciki.

Na biyu, gyara ɗakin kafin ka sayi komai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Idan ɗakin soro ne na ƙasa mai kaurin bango, kana da abin da mai sabon ginin bulo ba shi da shi. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i da yawa, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, ya yi ɗumi da dare. A bazara a rufe ƙofa da taga tun hantsi, a buɗe su bayan isha domin iskar dare ta kwashe zafin da bangon ya tara. Da yake ba kowa ne yanzu ke samun natsuwar kwana a tsakar gida ko barin ƙofa a buɗe ba, a sa wa tagogi ƙarfe da ragar sauro yadda za su iya kwana a buɗe. Ɗakin da ke da 'yar taga ɗaya tak, a nemi magini ya huda wata a bangon da ke fuskantarta, can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take taruwa. Kada a bar wa yaron gida wannan aiki. Magini ne ya san inda azara ta zauna. Yana kan aikin, ya duba azarar ko gara ta shige ta.

Idan kuwa an taɓa sauke soron an buga kwano, to babban abokin gabarka yana bisa kanka. Kwanon da rana ta daka tun safe, hannu ba ya iya taɓa shi, kuma zafin nan kai tsaye yake sauka kan mai ɗaki. Ɗakin kwano marar silin, ko ka kafa masa AC mai doki biyu, zuba ruwa ne a kwando. A yi silin tukuna, a bar sarari tsakaninsa da kwanon, a kuma bar 'yan kafofi masu raga a gefe biyu domin zafin da ya taru a sararin ya sami hanyar fita. Wanda ya sami hali ya shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin, ko ya shafe kwanon da farin fenti. Gargaɗi ɗaya: tsofaffin gidaje da yawa, musamman irin kwatas ɗin ma'aikata na da, silin ɗinsu na asbesto ne. Idan lafiyarsa ƙalau a ƙyale shi, a yi masa fenti. Kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Sai bangon yamma, wanda ranar la'asar ke duka. Rumfar zana ko ta kwano a jikinsa tana rage zafin ɗakin sosai. Darbejiya ma tana yi, amma a dasa ta nesa da gini saboda saiwa. Gidajen da ke gindin duwatsu sun fi bukatar wannan, domin dutse kan riƙe zafi har cikin dare.

Bayan an gama waɗannan, a kwana a ɗakin mako ɗaya ko biyu da fanka kawai. Wasu a nan bukatarsu ke ƙarewa.

Na uku, yi lissafin wutar da kake da ita

Ba wutar da kake fata ba, wadda kake samu. Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Katsina da Kano da Jigawa, kuma kowa ya san awa nawa layinsa ke samu da kuma ƙarfin da take zuwa da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwana da janareta saboda AC ya fi ƙarfin yawancin masu albashi. Saura sola, ita kuma ga lissafinta.

Fankar sama ta gargajiya tana cin wat 60 zuwa 75. Fankar sola mai caji tana cin kusan rabin haka ko ƙasa. Fanka mai ruwa madaidaiciya tana tsakanin wat 60 zuwa 200. AC mai doki ɗaya kuwa tana cin wajen wat 700 zuwa 900. Ka ɗauka mai inbata ce, wadda ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, ta tsaya a wat 600. A awa 8 na dare ta sha kusan yunit 5. Babban batir mai ruwa na 200Ah yana ɗaukar yunit 2.4, kuma rabi kawai ake so a ja idan ana son ya yi ƙarko. Ke nan batir huɗu don ɗaki ɗaya a dare ɗaya, ban da farantan da za su sake cika su gobe. Fankar sola mai wat 30 a awa 10 ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na yunit guda ba. Duk mai shagon da ya ce maka faranti biyu da batir ɗaya za su kwana da AC, kayansa yake son sayarwa.

Na huɗu, zaɓi na'urar

Fanka ba ta rage zafin iska, gumi take busarwa. Idan ɗakin ya gyaru, ta wadatar a mafi yawan watannin shekara.

Fanka mai ruwa ita ce, a ganina, aka fi rainawa alhali ta dace da ƙasarmu. Tana jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwan ya bi iska ya tafi da zafi. Sai iska ta bushe take aiki, kuma a Maris da Afrilu iskar Katsina ta tsakiya a bushe take ƙayau. Sharuɗɗanta: a ajiye ta bakin taga ko ƙofa, a bar wata kafa a buɗe, in ba haka ba ɗakin ya cika da laima. Kada a jingina ta da bangon ƙasa. A riƙa zubar da ragowar ruwan ana wanke tankin saboda sauro da wari. Tana shan ruwa, mai saye wurin 'yan garuwa ya sa wannan a lissafi. Da zarar damina ta kankama amfaninta ya ƙare, sai a kashe famfon ruwan a bar ta a matsayin fanka.

AC ita kaɗai ce ke maganin zafin nan mai ɗanko na gab da faɗuwar ruwa. Ɗaki sha biyu sha biyu mai silin, doki ɗaya ya ishe shi. Falo madaidaici doki ɗaya da rabi. Kada a sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin don burga. Za ta riƙa tashi tana mutuwa, ta ci wuta, ta gaji da wuri. Mai inbata ta fi tsada a shago amma ita ce sola da ƙaramin janareta ke iya tayarwa. Ta hannu kuwa a duba takardar da ke liƙe a jikinta: idan gas ɗinta R22 ne, tsohon yayi ne da duniya ke kan dainawa, gara mai R410A ko R32.

Masu gidajen haya su lura. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tsofaffin gidaje da dama an yanka su ɗaki ɗaki an zuba ɗalibai. Wayar da aka ja don ƙwai huɗu da rediyo ita ce yanzu ke ɗaukar hita da dutsen guga goma. Kafin a ƙara mata AC, a sake wayarin.

Na biyar, tsaya a kan mai kafawa

AC tana son layinta daban daga akwatin wuta, da waya mai lamba 2.5 ta jan ƙarfe zalla, da makashinta, da wayar ƙasa, da na'urar da ke kare ta idan wuta ta yi sama ko ƙasa. A bangon ƙasa ƙusa ba ta riƙe nauyi. Kan da ke cikin ɗaki a ɗaure shi da dogayen notuna da suka ratsa bangon suka kama katako ko ƙarfe ta baya. Injin waje, mai nauyin kilo 25 ko fiye, kada a rataya shi. A yi masa dakali a inuwa, inda iska ke wucewa, a kewaye shi da raga saboda awaki da yara. Ramin da bututu zai bi a sa masa hannun roba, a karkata shi waje. Ruwan da ke ɗiga kuwa a ja shi da tiyo zuwa bokiti ko gindin shuka, domin ɗigon wata uku ya isa ya zaizaye gindin katanga, musamman wadda aka yi wa yaɓen siminti, inda laima ke ɓuya a baya ba a gani sai yaɓen ya ɓallo. Ka tambayi mai aikin ko ya zo da injin zuƙe iska daga bututu kafin ya saki gas. In ya ce ba sai an yi ba, nemi wani.

Bayan an kafa, a toshe ƙasan ƙofa, a sa labule mai kauri, a ajiye ta a digiri 25 ko 26 tare da fanka. Lokacin ƙura a ciro ragarta a wanke duk mako biyu.

Sai hunturu

Sanyinmu na Disamba da Janairu gajere ne, bai kai a kashe kuɗi kan babbar na'ura ba. Soro da kansa yana riƙe ɗumi. A bar rana ta shiga da hantsi, a rufe tun la'asar, a toshe kafofin da iskar gabas ke shigowa. Ɗakin kwano kuma silin ɗin nan da aka yi don zafi shi ne zai tare sanyi. Ga tsoho ko jariri, ƙaramar hita ta lantarki ta isa, amma tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, fiye da AC, don haka ba ta batir ba ce, kuma a nisanta ta da katifa da gidan sauro.

Abin da ke kisa shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana barci take ɗauke shi. Haka hayaƙin janareta da aka shigar zaure ko shago don tsoron ɓarayi. In za a ji ɗumi, a ji da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri a irin wannan ɗaki, a fito da kowa waje nan take, a nufi asibiti.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Silin da tagogi da wayarin a yi su tun cikin Disamba ko Janairu, lokacin da masu aiki ke da sarari, kada ka bari sai Afrilu ta kama ka kana ciniki da gumi a fuska.